Banɗakunan da Suka Kalli Gabas

Aikina zanen gine-gine ne, a kansa na tsufa, a kansa na yi ritaya. Amma duk tsawon shekarun nan ba a taɓa kirana da sunan aikin ba a Katsina. Injiniya ake ce mini. Da farko nakan tsaya in yi bayani, in ce injiniya daban, mai zane daban, ni ne nake tsara yadda gini zai kasance a takarda tun kafin a haƙa harsashi. Sai a saurare ni tsaf har in gama, a gyaɗa kai, a ce, “To madalla, Injiniya.” Daga baya na haƙura.

Na zana makarantu a cikin birni da ƙauyuka, na zana ɗakunan shan magani da ɗakin karatu da rumfunan kasuwa, da wasu ofisoshi da ni kaina in na zo wucewa yanzu nake kawar da kai saboda muninsu. In jikokina suka ɗauke ni a mota muka zaga gari ba na barin kunnensu ya huta. Wancan nawa ne, wancan ma nawa ne, wancan kuwa ba nawa ba ne, shi ya sa rufinsa yake yoyo. Amma akwai wata makarantar firamare a unguwarmu, Ƙofar Guga, wadda in mun iso gabanta nake cewa a tsaya. Ita ce ta farko da aka ba ni in zana ni kaɗai, ita na fi so, kuma ita ce ta kusa hana ni ɗaga kai a unguwar da aka haife ni.

Lokacin ban daɗe da dawowa daga jami’a ba, ina ji da kaina ba kaɗan ba. Fensir a bayan kunne, takarda a naɗe a hammata, ko gaisuwa zan je haka nake tafiya. Gidanmu kuwa gidan malamai ne. Kakana ya yi limancin masallacin unguwa har ya rasu, Baffa ƙanen mahaifina shi ya gaje shi, kullum zaurensa cike da masu ɗaukar karatu. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, Inna ce ta tsaya a kaina har na yi bokon.

Da aka ba ni aikin makarantar, Inna ta fi ni murna, sai dai ita murnarta ta alkunya ce. Ba gidan suna ko gidan biki da za ta je ta fito ba ta sako zancen ba, amma da sigar ƙorafi. “Wai yaron can aka ba zanen makarantar ga,” in ji ta, “ni dai ban ga abin da ya sani ba.” Sai mata su yi ca, su ce haba Inna, ai abin alfahari ne. Ita kuma ta taɓe baki, ta dawo gida fuskarta fal annuri.

Na zuba wa zanen nan duk abin da na sani. Na miƙar da azuzuwan daga gabas zuwa yamma, tagogi suna kallon kudu da arewa, don kada rana ta shigo ta dafa yara. Na ɗaga rufin sama, na bar kafofin iska a ƙarƙashinsa, na yi baranda mai faɗi. Akwai itatuwan darbejiya biyu a filin, na kauce musu, har yau suna nan. Rijiya na sa ta kusa da ƙofar shiga. Banɗakuna takwas kuma na jera su can jikin katangar yamma, nesa da rijiya, nesa da azuzuwa, ƙofofinsu suna kallon tsakar makaranta don malami yana tsaye a baranda ya ga mai shiga da mai fita. A kusurwar kowace takarda na zana kibiyar da ke nuna arewa, kamar yadda aka koya mana, har da ɗan ado na yi mata. Na duba zanen nan sama da ƙasa ban ga aibu ba.

Wanda ya jagoranci ginin wani tsohon magini ne daga Ƙofar Kwaya, sa’an mahaifina, wanda ya fara da ginin ƙasa kafin bulo ya zo. Ba ya karatun boko, amma in ka nuna masa takarda sau ɗaya ya riƙe. Baba nake ce masa. Ranar da aka kafa turaku aka ja igiyar banɗakunan, ya same ni a gindin darbejiya.

“Injiniya, barka da rana. Ya aiki? Ya Inna? Ya gajiya?”

Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Sannan ya sosa gemu.

“Na ce, ɗakunan ga, nan za su duba?”

“Nan za su duba, Baba. Bi takarda.”

“To, Injiniya.”

Da gini ya kai ƙugu ya sake samuna, ya ce halan na ƙara duba takardar da kyau. Raina ya ɗan ɓaci. Na ce masa na duba, shekara nawa na yi ina koyon duba ta. Ya ce to, Allah shi ba da sa’a.

Na ukun shi ne wanda in na tuna har yau nake rufe fuska. An zo ɗora murafun siminti a bakin ramuka, waɗanda ke da wurin ɗora ƙafa. Azahar ta yi. Baba ya bar inuwa mai kyau, ya ɗauki buzunsa ya je ya shimfiɗa a cikin rana, daidai gaban banɗakunan, ya ba su baya, ya ta da kabbara. Da ya sallame ya waiwayo ya dube ni.

“Injiniya, ka ga inda na duba?”

Na ce, “Na gani, Baba. Allah ya karɓa.”

Ya daɗe yana kallona, sannan ya naɗe buzunsa ya koma bakin aiki.

Saura mako biyu a buɗe makaranta aka gama rijiya, aka ce matan unguwa su riƙa ɗiba kafin yara su fara zuwa. To ka san wanda ya zo ɗiban ruwa a sabon wuri sai ya leƙa ko’ina. Cikin masu leƙen har da wata tsohuwa maƙwabciyarmu mai sayar da daddawa, ƙawar kakata, wadda tun ina cikin zane take kirana maigidanta.

Da la’asar na dawo daga ofis. Tun daga bakin unguwa na ga alama. Dattawan da ke zama a dakalin masallaci, waɗanda kullum sai sun tsare ni da tambayar yaushe za a buɗe, ranar gaisuwa biyu suka yi mini suka yi shiru. Tsohuwar tana ƙofar gidanta, ta hango ni.

“Maigida, na hwasa auren!” ta ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji. “Ka aiko mani da takardata.”

Na yi dariya na wuce, a zatona wasan da muka saba ne.

Na tarar da Inna a tsakar gida tana tsintar shinkafa. Na gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba. Na sha jinin jikina, na samu kujera ’yar tsugunne na zauna.

“In mutum ya shiga makewayin da ka gina,” ta ce, “ya tsuguna, mi shike kallo?”

“Ƙofa, Inna.”

“Ƙohwar ina take kallo?”

“Tsakar makaranta.”

“Nuna mani da hannunka.”

Na ɗaga hannu na nuna. Sai hannun ya tsaya a sama, na kasa sauke shi. Inda nake nunawa nan ne inda na fuskanta da asuba, nan na fuskanta da azahar, nan kakana ya fuskanta yana jan sallar unguwar nan shekara da shekaru. Banɗakuna takwas na jera, reras, duk wanda ya shiga ya tsuguna alƙibla yake kallo.

A wurinmu wannan ba abin da ake zuwa makaranta a koya ba ne. Tun yaro yana koyon riƙe buta ake gaya masa ba a fuskantar gabas a wurin biyan buƙata, ba a kuma ba ta baya. Duk masan da ke cikin birnin nan kudu yake kallo ko arewa. Maginin da bai san bihim ba ya san wannan. Ni jikan liman, mai digiri, na zauna wata guda ina lissafin rana da iska da wari, ban tambayi kaina sau ɗaya ina gabas take ba. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Inna ta ajiye faifan. A gidanmu akwai ɗiyar yayana, ’yar shekara shida, a hannun Inna take, an riga an ɗinka mata kayan makaranta, kullum sai ta sa an fito da su ta gani.

“Matan unguwa sun ce ba su kai ɗiyansu,” in ji Inna. “Ni ma yarinyar ga ba ta taka wurin nan. In kuwa jikata ba ta shiga ba, ka san ba uwar da za ta kai nata.”

Washegari ana suna a gidan da ke kallon namu, Inna ba ta je ba. Wannan ya fi mini zafi fiye da duk abin da ta faɗa.

Ni kuwa maimakon in nemi gyara, fushi na fara yi. Na yi fushi da matan da suka je ɗiban ruwa suka ɓige da leƙe-leƙe. Na yi fushi da malamanmu na jami’a da suka koya mana kibiyar arewa suka tsaya nan. Na yi fushi da Baba magini, mutum yana da baki amma sai ya riƙa yi mini sallah a rana. Kaina ne kawai ban samu damar yin fushi da shi ba, don layin ya yi tsawo.

Da hantsi na tafi zauren Baffa, na jira masu karatu suka ragu, na durƙusa na karanta masa komai. Ya saurare ni yana jan carbi. Sannan ya ce a gaskiya malamai sun yi sauƙi a kan wannan. Hanin ya fi ƙarfi ga wanda yake a fili, amma in cikin gini ne mai bango da ƙofa, da yawansu sun ce babu laifi.

Kai, na ji daɗi! Har na fara tsara yadda zan tsaya a dakalin masallaci in yi wa dattawan nan bayani, in ga wanda zai ja da Baffa. Na ce, “Baffa, ashe ban yi kuskure ba. Sai ka faɗa musu ranar Juma’a.”

“Zan iya hwaɗi,” ya ce. “Amma kahin nan shiga cikin gida ka dubo mani nawa makewayin, ka zo ka gaya mani inda shike kallo.”

Ban ma tashi ba. Na san shi tun ina yaro, arewa yake kallo.

“To ka gani,” in ji Baffa, yana murmushi. “Ni da na karanta sauƙin ban gina nawa haka ba. In na tashi na ce ma uwaye ya halatta, za su ce to Malam, su koma gida su riƙe ɗiyansu. Tahi ka gyara aikinka.”

Kwana biyu na yi a kan teburin zane ina juya abin. Duk ta inda na ɓullo sai rushewa. Murafun nan na ce a kama su da siminti, kuma abin da siminti ya kama a bakin rami ba ya tasowa sai da guduma. Ke nan sai in je gaban manyana a ofis in ce a fasa ginin da ko amfani da shi ba a fara ba, a ɗaga ranar buɗewa, kowa a ma’aikata ya ji dalili. Ban ƙi a yi mini dariya a ofis ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne a buɗe makaranta a unguwarmu azuzuwa wayam, yarinyar gidanmu tana zaune da sababbin kayanta a akwati.

Rana ta uku na ajiye fensirin a gida, na hau keke na nufi Ƙofar Kwaya. Na samu Baba a ƙofar gidansa a kan tabarma yana ɓare goro. Ya tare ni da gaisuwa kamar ba abin da ya faru. Ya tambayi Inna, ya tambayi Baffa, ya tambayi aiki, ya tambayi zafi, ya koma kan Inna. Ya san abin da ya kawo ni sarai, so yake in faɗa da bakina.

“Baba, banɗakunan nan gabas suke kallo.”

“Ashe?” ya ce. “Ikon Allah.”

“Baba, don Allah. Na yi kuskure. Ka gaya mini sau uku ban ji ba.”

Ya miƙo mini ɓarin goro.

“Gobe da sahe ka zo mani da mutum huɗu masu ƙarhi, da sandunan ƙarhe biyu.”

Na ce za a fasa ke nan. Ya ce in dai zo.

Da safe muka haɗu a makarantar. Baba ya shiga banɗakin farko, ya durƙusa, ya sa bakin cokalin gini ya ƙwanƙwasa gefen murfin. Simintin ya ɓare kamar ɓawon ƙwai. Ashe shafe ne kawai a sama. A ƙarƙashinsa laka ce, jar laka irin ta ginin gargajiya. Tsohon nan ya bi takarda kamar yadda na ce, amma bai kama ko murfi ɗaya da siminti ba, a kan laka ya zaunar da su duka takwas. Kuma ya zuba su kowane gefe daidai da ɗan’uwansa, yadda duk ta inda aka juya za su zauna daram.

Aka zura ƙarafa, aka ce bismillah, aka ɗaga, aka juya. Wurin ɗora ƙafa ya koma kallon arewa, ƙofa ta koma gefen dama. Ina tsaye baki buɗe. Da aka juya na biyu dariya ta kama ni, irin wadda ba ta tsayawa, har na zauna a ƙasa da wandon ofis ɗina. Leburori suka kama, Baba ma ya kasa daurewa. Rabona da farin ciki irin na safiyar nan tun ranar da aka ce na ci jarrabawar ƙarshe.

Da na samu numfashi na ce, “Baba, me ya hana ka gaya mini kai tsaye?”

“Gaban leburori? Kana riƙe da takarda?” Ya girgiza kai. “Kuma tsakaninka da Allah, da na hwaɗa maka, da ka ji?”

Na auna maganar. Na ce da ban ji ba.

“Shi ya sa na sa laka. Na san kana dawowa, ɗan gidan liman ne kai. Yanzu kawo siminti na gaske.”

Kafin azahar an gama duka. Tun daga ranar har na bar aiki, duk takardar da ta fita daga hannuna kibiya biyu gare ta, ta arewa da ta alƙibla, kuma ta alƙibla nake fara zanawa. Ban kuma sake kai zane wurin gini ba sai na zauna da babban magini mu biyu, ba kowa kusa, na ce masa ya faɗi abin da ya gani. Abin da na tsira da shi ta wannan hanya ba ya ƙirguwa. Matasan da suka zo bayana a ofis sun yi ta yi mini dariyar kibiya biyu, yau ga shi su ma haka suke yi.

Sai dai juya murfi bai juya zukatan mata ba, sai sun gani da idonsu. Tsohuwa mai daddawa ita ta naɗa kanta mai duba aiki. Ta zo da sandarta da mata biyar a bayanta. Ba ta yarda da leƙe ba. Ta shiga na farko ta tattare zane ta tsuguna, ta dubi bango, ta fito ta dubi rana. Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya har takwas, gwiwoyinta suna ƙara, ni ina tsaye kamar mai jiran hukunci. Da ta fito daga na ƙarshe ta kakkaɓe zanenta.

“Maigida, na dawo ɗakina. Amma ka kiyaye ni.”

Matan suka sa guɗa. Na tabbata kafin la’asar labari ya gama unguwa. Amma Inna ba ta nuna alamar komai ba. Na gaya mata an gyara, ta ce to. Na gaya mata tsohuwa ta duba ta yarda, ta ce ta ji. Na kasa gane inda ta dosa, kuma ban isa in tambaya ba.

Ranar buɗewa tun da sassafe ina bakin ƙofar makaranta. Hedimasta ya sa tebur a baranda da babban littafin rubuta sunaye, malamai suna tsaye. Rana ta fito, ba kowa. Mai koko ta wuce, masu zuwa Babbar Kasuwa suka wuce da kaya a ka. Can sai ga mata sun fara fitowa, kowace riƙe da hannun ɗanta ko ɗiyarta, amma ba wadda ta shigo. Suka taru a bakin lungu suna gyara mayafi, suna kallon hanyar gidanmu. Nan na gane abin da suke jira.

Sai ga Inna. Ta sa mayafinta na zuwa biki, tana tafe a hankali, ba ta kallon kowa. A hannunta ga yarinyar nan cikin kayan makaranta da suka yi mata yawa, tana ta tsalle tana jan ta. Matan suka buɗa mata hanya, sannan suka biyo bayanta gaba ɗaya, yara suna ta surutu.

Na tsaya a tsakiyar ƙofa, idona ya cika da ƙwalla, na ma manta a hanya nake. Na durƙusa zan gaishe ta.

“Kai, kauce muna,” in ji Inna. “Makaranta za mu shiga.”